Shin Ko Kun San? Annabi Musa, Bani Isra'ila Da Roƙon Ruwan Arewa

Shin ko kun san roƙon ruwan nan da muke fita yi bayan gari idan damina ta yi gardama, Alƙur'ani ya ambaci irinsa tun a Suratul Baƙara, aya ta 60, kuma wanda ya yi shi Annabi Musa ne (AS)? Sunan da malamai ke kiran sallar da shi, istisƙa'i, tushensa ɗaya da kalmar da ta zo a ayar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ayar ta faɗi wanda aka roƙa wa ruwan: mutanensa. Duk wanda ya tashi a Dogon Dutsi ko Matankari, ko can gusum wajen Tibiri da Gesheme, ya san wannan fita. Watan bakwai na manoma ya kama, an yi bizne, hadari ya haɗo daga gabas iska ta watsa shi, hatsin da ya tsiro ya fara murɗewa. Sai a yi shela. A fito da hantsi cikin tsofaffin tufafi, a yi raka'a 2 ba kiran salla ba iƙama, liman ya juya mayafinsa, a raba wa yara sadakar gumba. Ranar nan mutum ɗaya ke gaba, amma gonar kowa yake roƙa wa, har da ta wanda ba ya gaishe shi.

Kun san labarin zaman Bani Isra'ila a daji yana cikin labaran da Musulmi da Kiristan Arewa suka yi tarayya a kai? Sunan Annabi Musa ya zo sau 136 a Alƙur'ani, babu annabin da ya kai shi yawan ambato. Kiristoci kuma suna karanta labarin a littattafan Fitowa, Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a, cikin Littafi Mai Tsarki da aka fara bugawa cikakke da Hausa a 1932. Mishan ɗin Katolika na zaune a Dogon Dutsi tun 1947. Ruwayoyin biyu akwai inda suka haɗu, akwai inda suka rabu, don haka zan riƙa faɗin inda kowane zance ya fito.

Shin ko kun san da ya bugi dutsen da sandarsa, idanun ruwa 12 ne suka ɓuɓɓugo, kowace ƙabila da mashayarta? Rahamar ta zo da tsarinta. Da ido ɗaya ne, da ƙishirwa ta tafi ta bar faɗa. Mutumin Dallol Mawri ba sai an yi masa dogon bayani ba. Cikin kwarin ruwa na kusa, igiya kaɗan ta isa. Ka hau tudu kuwa, rijiya ta yi zurfin da sai an ɗaura wa sa ko raƙumi igiyar guga ya ja. A bakin irin wannan rijiya garken makiyayi da tulun matan gari ke haɗuwa, a nan kuma rigima ke tashi. Dokar tsarin karkara da Nijar ta kafa a 1993, da kwamitocin filayen da ta haifar, har yau kan mashaya da burtali da iyakar gona suke fama.

Kun san wasu malaman tafsiri sun ruwaito cewa dutsen ƙarami ne mai fuska 4, ana ɗauke da shi duk inda za a yi zango, kowace fuska na fitar da ido 3? Malaman Yahudu su ma suna da labarin rijiyar da ke bin ayarin, suna jingina ta ga Maryamu, yayar Annabi Musa. Duk sanda na zo nan sai Lugu ta faɗo mini. Gubawa, waɗanda suka riga kowa zama a ƙasar nan, suna ba da tarihin cewa Sarauniya ta taso daga Daura da dutsen Tunguma, shi ya nuna mata inda za ta sauka, wato Lugu. Lugun nan ce sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine suka kai wa yaƙi a watan Afrilu na 1899. Addinin annabawa daban, al'adar azna daban, kowa ya san haka. Abin da nake nunawa shi ne kakanninmu ma mutanen tafiya ne, kuma tun kafin masallatai su yawaita a Arewa, idan sama ta ƙi, akwai wanda ake dubawa ya tsaya wa ƙasa: Sarauniya a Lugu, Baura a Bagaji.

Shin ko kun san tafiyar da ta ci shekara 40, tazarar da ta rage musu daga dutsen saukar Attaura ta kwana 11 ce? Farkon littafin Maimaitawar Shari'a ya ƙidaya kwana 11 daga Horeb, wato Dutsen Sina'i, zuwa Kadesh Barneya, bakin ƙasar da aka yi musu alkawari. Daga Dutsi zuwa Yamai kusan kilomita 275 ne. Mai tafiyar ƙasa da ke cin kilomita 25 a yini, kwana 11 zai yi. To, ku auna ayarin da ya tashi da nufin Yamai, yaran da aka goya suka yi furfura ba a iso ba. Larabawa har gobe suna kiran tudun tsakiyar Sina'i da sunan Tih, wato ɗimuwa.

Sina'i kuwa ba wurin da mutum zai so ya yi ɗimuwa ba ne. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 60,000, kuma mafi yawanta ba ta samun ruwan saman da ya kai milimita 100 a shekara. Arewa, duk da kukan da muke yi, kan sami ninkin haka sau 4 ko 5. Dutsen da ake kira Jabal Musa tsayinsa mita 2,285, a gindinsa akwai gidan ibadar Kirista na Santa Katarina da aka gina a ƙarni na 6, a cikin ganuwarsa kuma akwai masallaci tun zamanin Faɗimiyawa.

Kun san kwana 3 kacal aka yi tsakanin murnar tsira daga Fir'auna da gunagunin ƙishirwa? Littafin Fitowa ya ce sun iso wani ruwa mai ɗaci a wurin da ake kira Mara, suka juya kan Musa. Shi kuma ya juya ga Ubangiji, aka nuna masa wani itace, ya jefa, ruwan ya shawu. Suratul A'araf, aya ta 138, ta kawo abin da ya fi wannan zafi: ƙafarsu ba ta gama bushewa daga teku ba suka ga masu bautar gumaka, suka nemi a yi musu nasu. Ranar tsirar ce Manzon Allah (SAW) ya tarar Yahudawan Madina na azumta, ya yi umarni da azumin Ashura, 10 ga Muharram, wadda mu Hausawa muke raka ta da cika-ciki.

Shin ko kun san da wace kalma Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya fassara mannu, abincin da aka saukar wa Bani Isra'ila a daji, a tarjamarsa ta Alƙur'ani? Darɓa. Manomin dawa ya san ta: danƙon nan mai zaƙi da ke kwanciya kan ganye ya manne maka a hannu, wanda ƙananan ƙwari ke fitarwa. Malam ya dace da kalmar ƙwarai. A 1927 wani masanin ƙwari mai suna Fritz Bodenheimer, daga Jami'ar Ibraniyanci da ke Ƙudus, ya je Sina'i ya bi diddigin wani abu da Larabawan daji ke tsinta da sassafe ƙarƙashin itacen da suke kira tarfa, suna ce masa man. Ya gano ƙwarin da ke tsotsar ruwan itacen ne ke ɗigo da shi, ya daskare da sanyin dare, rana ta ɗaga ya narke. Sai dai wannan na ƴan makonni ne a shekara, abin da ake samu kuma ɗan kaɗan ne. A ciyar da al'umma guda shekara 40 da shi, wannan kam sai ikon Allah.

Kun san an hana su ajiye shi? Kowane mutum awo ɗaya da ake kira omer, kusan lita 2, ko tiya bai cika ba. Wanda ya ɓoye na gobe sai ya wayi gari da tsutsa da wari, in ban da rana ta 6 da ake ɗiban na kwana 2 saboda Asabar. Ga Ba'are, wato ɗan Arewa, wannan jarrabawa ce babba. Mu mutanen rumbu ne. Darajar magidanci a yawan damin da ya zuba ake ganinta, hankalinsa kuma ba ya kwanciya sai ya lissafa hatsin zai kai shi wata kaka. Amma ƙasar nan ta san shekarun da rumbu ya zama fanko: 1973 zuwa 1974, da 1984 da aka raɗa wa suna El Buhari, da 2005. A irin su ne mata ke fita daji tsintar anza, a jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, a haɗa da ganyen jiga da tafasa, a ci na yau, gobe kuma a sake fita. Tsofaffin da suka ci wannan abinci, idan malami ya zo kan ayar mannu a tafsirin azumi, fahimtarsu ta fi tawa nesa ba kusa ba.

Shin ko kun san tsuntsun salwa, wanda aka saukar musu tare da mannu, har yanzu yana faɗowa a gaɓar Sina'i? Ƙaramin tsuntsu ne dangin fakara. Yana tasowa daga Turai da kaka, ya ƙetare Bahar Rum cikin dare, ya sauka a gajiye wajen Al-Arish inda ake kafa masa raga. Wasu har Sahel ɗinmu suke kaiwa. Likitoci kuma sun san namansa kan zama guba lokacin ƙaura, ya sa ciwon tsoka har ya taɓa ƙoda. Littafin Ƙidaya, sura 11, ya ce masu zarin naman annoba ta same su tun suna cikin ci, aka sa wa wurin suna mai ma'anar kaburburan kwaɗayi.

Kun san albasa na cikin abin da suka yi kewa? Suratul Baƙara, aya ta 61, ta lissafa ganyaye da gurji da adas da albasa, da wani abin da malamai suka fassara da tafarnuwa ko alkama. Littafin Ƙidaya ya ƙara da kifi da kankana. Ba na ganin laifin harshen da ya gaji da abinci iri ɗaya. Wanda ya san farar albasar Sukukutan ko ta Galmi ya san miya ba ta haɗuwa sai da ita. Laifin yana inda suka manta cewa albasar Masar da bulala ake cin ta. Sun tuna tukunya, sun manta tubalin da aka tilasta musu bugawa bayan an hana su ramno.

Shin ko kun san roƙo mafi nauyi da Annabi Musa ya yi, ya yi shi ne a ranar da ya fi kowace rana fushi? Yana kan dutse kwana 40 yana ganawa da Ubangijinsa, aka narka kayan adon zinariya aka ƙera ɗan maraƙi. Alƙur'ani, a Suratu Ɗaha, ya ɗora aikin kan Samiri, ya nuna Annabi Haruna (AS) ya gargaɗe su sun ƙi ji. Littafin Fitowa kuwa ya sa hannun Haruna a ciki. Inda suka haɗu shi ne Musa ya sauko cikin fushi ya jefar da alluna. A'araf ta ce ya kama kan ɗan'uwansa, sannan ya nema wa kansa da shi gafara. Fitowa, sura 32, ta kawo abin da ke girgiza zuciya: an yi masa tayin a shafe mutanen nan a tayar da sabuwar al'umma daga zuriyarsa, bai karɓa ba. Ya kafa hujja da alkawarin da aka yi wa Ibrahim da Ishaƙu da Yaƙubu. Ya kafa hujja da abin da Masarawa za su faɗa in suka ji. Daga ƙarshe ya miƙa kansa, ya ce in ba za a yafe musu ba, shi ma a share sunansa. Maimaitawar Shari'a, sura 9, ta ce kwana 40 ya yi fuskarsa a ƙasa, ba ci ba sha.

A fada muna da kamun ƙafa. Wanda ya yi wa sarki laifi ba ya tunkarar zaure da kansa, sai ya bi ta wani dattijo mai faɗa a ji ya yi masa ban haƙuri. Al'ada ce mai kyau, ta raya gidaje da yawa. Amma dattijon namu baki yake kaiwa, idan sarki ya ƙi sai ya karkaɗe rigarsa ya koma gida. Ban taɓa jin wanda ya ce a tuɓe masa rawani tare da mai laifin ba. Wannan matakin Musa ya taka, kuma ya taka shi ne saboda mutanen da suka ci amanarsa kafin ya juya baya da kyau.

Kun san ko zaɓaɓɓun mutum 70 da ya tafi da su neman tuba sai da ya sake roƙa musu? A'araf, aya ta 155, ta ce girgiza ta kama su, ya tsaya yana kai kuka kada a halaka jama'a saboda aikin wawayen cikinsu. Amsar da ta biyo baya, mai bayyana yalwar rahamar Allah, tana cikin ayoyin da malamai suka fi jawowa idan suna so su hana mai zunubi yanke ƙauna.

Shin ko kun san addu'arsa mafi gajarta kalma 5 ce a Ibraniyanci, kuma wadda ta yi da shi ya yi wa? Littafin Ƙidaya, sura 12, ya ce yayarsa Maryamu ta soki aurensa da wata mace daga Kush, ƙasar baƙar fata da ke kudu da Masar, wajen Sudan ta yau. Sai cutar fata irin ta kuturta ta fito mata. Bai ce ta gani a ƙwaryarta ba, nan take ya roƙa mata waraka. Aka keɓe ta kwana 7 bayan zango, ayarin kuma bai ɗaga ba sai da ta dawo. Al'umma guda ta tsaya jiran mace ɗaya mara lafiya. Ina tuna wannan duk sanda na ga an mayar da mai larura ɗakin bayan gida an ci gaba da harka.

Mai roƙo ma yana bukatar mai tallafa masa, kun sani? A yaƙin Refidim da Amalekawa, in ji Fitowa sura 17, muddin hannun Musa na sama mutanensa na rinjaye, in ya sauke a rinjaye su. Da hannun ya yi nauyi aka kawo dutse ya zauna, Haruna ya riƙe ɗaya, wani mai suna Hur ya riƙe ɗaya, har rana ta faɗi. A filin roƙon ruwanmu, amin ɗin da ke tasowa daga sahun baya shi ne wannan riƙo.

Kun san Haruna ya taɓa tare annoba da kaskon turare? Washegarin ranar da ƙasa ta haɗiye Kora, wanda malamai da dama ke cewa shi ne Ƙarunan Suratul Ƙasas, jama'a suka zargi Musa da Haruna da kisan mutane. Annoba ta ɓarke. Musa ya ce wa ɗan'uwansa ya hanzarta, shi kuma ya ruga tsakiyar masu zarginsa ya tsaya, gawarwaki a gefe ɗaya, masu sauran numfashi a ɗaya gefen. Littafin Ƙidaya ya ce a nan ta tsaya, bayan ta ci mutum 14,700.

Shin ko kun san akwai ranar da Annabi Musa ya gaji? Suratul Ma'ida, daga aya ta 20 zuwa 26, ta ba da labarin yadda ya ce su shiga ƙasa mai tsarki suka noƙe, suka tura shi yaƙin shi da Ubangijinsa. A nan ya kai ƙara cewa daga kansa sai ɗan'uwansa yake da iko da su, ya nemi a raba shi da masu saɓo. Ƙidaya sura 11 ma ta nuna shi yana kukan kayan sun fi ƙarfinsa. Wannan ya sa na ƙara sonsa, domin roƙon da yake yi musu ba daga zuciyar da ba ta jin ciwo yake fitowa ba.

Ƙidaya sura 13 da 14 sun ba da sauran labarin. An aika mutum 12 leƙen ƙasar, suka yi kwana 40. Mutum 10 suka dawo suka karya wa jama'a gwiwa, Yusha'u ɗan Nun da Kalibu kaɗai suka ce a shiga. Har an fara zancen naɗa sabon shugaba a koma Masar. Musa ya sake roƙo, aka yafe, ba a halaka su nan take ba. Amma kowane kwana na leƙen ya zama shekara, kuma masu shekara 20 zuwa sama a daji za su ƙare, in ban da mutanen nan 2. Nan nake so mu ɗan daɗe. Gafara ta sauka, sakamakon aiki kuma bai tashi ba. Cikin shekarun hukuncin nan mannu bai daina sauka ba, girgije bai daina inuwa ba, Maimaitawar Shari'a sura 8 ma ta ce tufarsu ba ta tsufa ba, ƙafarsu ba ta kumbura ba. Haka namu yake. Muna fita roƙo Allah Ya ba mu ruwa, amma gawo da kalgo da sabarar da muka sare ba sa dawowa da ruwan dare ɗaya, kwazazzabon da ya ci gona kuma yana nan yana ƙara baki. Manoman Maradi da Damagaram da suka kama sassaben zamani tun shekarun 1980, suna barin tohon itace ya tashi cikin gona suna yi masa aski, sun farfaɗo da kusan kadada miliyan 5. Aikin shekaru ne, kuma wanda ya fara shi sau da yawa ɗansa ke shan inuwar.

Kun san an ƙidaya su sau 2? Na farko a Sina'i, mazaje masu iya yaƙi 603,550. Na biyu a ƙarshen tafiya, a filayen Mowab, 601,730. Tsara guda ta ƙare a daji, amma abin da ya ragu a lissafi 1,820 ne kawai.

Shin ko kun san abin da ya zama magani a daji, daga baya sai da aka farfasa shi? Ƙidaya sura 21 ta ce macizai masu dafi sun auka musu. Wannan karon su suka zo da kansu suka amsa laifi, suka ce ya roƙa musu. Aka umarce shi ya ƙera macijin tagulla ya ɗora kan sanda, wanda aka sara ya ɗaga ido ya duba sai ya rayu. Dangin kububuwar da ke sarar manomanmu da kaka suna nan cikin duwatsun yankin har yau. Kiristoci suna karanta wannan tare da Yohanna sura 3, a wurinsu alama ce ta Almasihu. Ƙarnoni bayan haka Sarki Hezekiya ya farfasa macijin, domin mutane sun koma ƙona masa turare, kamar yadda littafin Sarakuna na 2, sura 18, ya kawo. Wannan ya taɓo muhawarar da ta ratsa masallatan Dutsi tun shigowar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, wato batun tawassuli. Ƴan ɗariƙa da ƴan Izala sun saɓa kan kamun ƙafa da wanda ya rasu, amma babu mai musun a ce wa salihi mai rai ya yi wa jama'a addu'a. A farin da aka kira shekarar toka, shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya fita da mutanen Madina ya gabatar da Abbas, baffan Manzon Allah (SAW), ya yi roƙon.

Shin ko kun san wanda aka karɓi roƙonsa ga dubban mutane, da ya roƙa wa kansa abu ɗaya ba a ba shi ba? Maimaitawar Shari'a sura 3 ta ce ya nemi ya ƙetare Kogin Urdun ya taka ƙasar da ya yi shekara 40 yana jan mutane zuwa gare ta, aka ce ya bar maganar. Ya hau Dutsen Nebo, a Jodan ta yau kusa da garin Madaba, ya hango ta, ya rasu yana da shekara 120. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce da ajali ya zo, ya roƙi a kusantar da shi ga ƙasa mai tsarki gwargwadon jifan dutse, Manzon Allah (SAW) kuma ya kwatanta kabarinsa a gefen hanya, wajen wani jan tudun rairayi. A 1269 Sarkin Masar Baibars ya gina wurin ziyara da sunan Nabi Musa kusa da Ariha. Na Annabi Haruna kuma yana kan Jabal Harun, kusa da Petra.

Kun san ko bayan rasuwarsa bai bar nema wa mutane sauƙi ba, kuma mu ne muka ci moriyar? A daren Isra'i da Mi'iraji, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim, an wajabta wa al'ummar Annabi Muhammadu (SAW) salla 50 a yini da dare. A hanyar dawowa ya biyo ta wurin Annabi Musa a sama ta 6. Musa ya tambaye shi abin da aka ɗora wa al'ummarsa, da ya ji sai ya ce ya koma ya nemi ragi. Hujjarsa kuwa shekarun nan ne na daji: ya gwada mutane, ya sha fama da Bani Isra'ila, ya san iyakar abin da ɗan Adam ke iya ɗauka. Manzon Allah ya riƙa komawa ana ragewa, Musa na sake tura shi, har aka tsaya kan 5 da ladan 50. Musa ya ce ya ƙara komawa, shi kuma ya ce ya yi roƙo har ya ji kunyar Ubangijinsa. Sallolin nan 5 ne ladanai ke kira a Dumega da Kore Mai Ruwa da Ɗan Kasari, daga asuba zuwa lisha.